Shabakar da Ke Zuwa Tana Tafiya

Lalacewa iri biyu ce. Akwai wadda abu zai mutu murus, kowa ya gani ya nemi mai gyara. Akwai kuma wadda abu zai yi aiki da hantsi, ya tsaya da azahar, in mai gyara ya iso ya tarar da shi lafiya lau kamar ƙarya aka yi masa. Ta biyun ce mai haɗa mutane faɗa, domin in ba a ga laifin na'ura ba, sai a ɗora wa mutum.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Mai Wurno a Sudan, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Gyaran waya da kwamfuta nake yi. A bazarar 2022 aka kira ni ofishin ƙungiyar manomanmu, mai kwamfuta uku da firinta ɗaya da rauta, wato akwatin da ke raba musu intanet, wadda mu a nan muke cewa shabaka. A can ake rubuta sunayen masu karɓar iri da taki, a tabbatar da kuɗin da suka turo ta Bankak. Shabakar sai ta ɗauke minti biyu ko uku ta dawo, sau da yawa a yini. Mutum ya baro gonarsa, ana tsakiyar shigar da sunansa a ce a sake daga farko.

Dattawan ƙungiya sun riga sun yanke hukunci. Akawun ofis, wani saurayi da ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa da wannan albashin, shi aka ce yana cinye shabakar da kallon ƙwallo.

Shugaban ya ce mini, "Ɗana, in ba ka ga komai ba yau, yaron nan zai tafi."

Na ce, "Baba Alhaji, ku ba ni kwana goma. Lokacin da kuke aikin auduga a Jazira, in ruwa ya yanke a hawasha, madatsar Sinnar kuke fara zagi?"

Ya yi dariya. Hawasha ita ce gonar da aka yanka wa manomi, kuma ya fi ni sanin cewa daga bakinta ake bin ruwa: a duba ƙaramar magudana ta abu sitta, a hau abu ishirin, a kai ga tur'a, sannan a yi maganar madatsa. Haka ake bin shabaka: kwamfuta, kebul, rauta, sannan kamfani.

Na bar wata kwamfuta tana aika umarnin ping ba tsayawa, ɗaya zuwa ga rauta, ɗaya zuwa adireshin 8.8.8.8 na Google. Ping kamar sallama ce, in aka amsa akwai hanya. Na kuma ba akawun littafi na ja masa layi uku: ƙarfe nawa ta ɗauke, wane adireshi ne ya ƙi amsawa, me ya ji ko ya gani a ɗakin a daidai lokacin.

Kwana huɗu littafin ya fara magana. Duk sanda shabaka ta ɗauke, rautar ma ba ta amsawa, wato ɓarawon a cikin gida yake, kamfani bai da hannu. A layi na uku kuwa yaron ya yi ta rubuta abu guda: "firij ya yi ƙara." Sabon firij ne da aka saya don ajiye allurar dabbobi, an jona shi a kan ƙaramar inbata ta sola tare da komai. Injin firij in zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci yana tafiya. Wutar sai ta yi ƙasa na ƙiftawar ido, kwamfutocin ɗora-cinya ba su ji ba saboda batirinsu, rautar kuwa ta mutu ta sake tashi, tashin da ke cin minti biyu. Da zafin azahar firij ya fi yawan tashi, shi ya sa matsalar ta fi tsananta a lokacin. Muka sa wa rautar ɗan batirinta mai bolt 12, magana ta ƙare.

Saura guda: ranar kasuwa firinta kan ɓace. Nan ma littafin ya tona. An liƙa wa firintar adireshi na dindindin, amma yana cikin waɗanda rauta ke rabawa. In wayoyin baƙi suka yi yawa, sai ta ba wata waya wannan adireshin, su biyu su yi ta amsa suna ɗaya. Muka cire shi daga cikin na rabo. Baba Alhaji ya kira yaron gaban jama'a ya ce ya yafe musu.

A Fabrairun 2024, yaƙi na ci, shabaka ta ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suka koma bin masu Starlink suna biya don su karɓi kuɗin 'yan'uwa. Wahalar ta fi waccan nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya zargi akawu, domin kowa ya san mafarinta. Zato yana tsira ne a inda aka rasa shaida. Saboda haka, ɗan'uwa, in taka shabakar tana zuwa tana tafiya, kafin ka sayi sabuwar na'ura ko ka nuna wani da yatsa, nemi littafi da biro, ka rubuta lokaci. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.