Fiton Ranar Lahadi

Akwai wani fito da kusan duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Sifaniya wajen shekarar 1981 yake ganewa tun kafin a kai ƙarshensa. Mutumin da wannan labari ya shafa ya haura shekara hamsin yanzu, furfura ta cinye masa rabin kai, amma in ya ji wani ya yi fiton a tashar jirgin ƙasa ko a bakin kasuwa, sai ya tsaya cak ya waiwaya. Fiton shi ne kiɗan buɗe wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna Verano Azul, wanda Carmelo Bernaola ya tsara wa kiɗa, Antonio Mercero kuma ya ba da umarni.

Ma'anar sunan ita ce "bazara shuɗiya", sai dai ɗalibin Hausa ya yi hattara da wannan fassara. Bazarar Bahaushe lokaci ne na zafi da ƙishirwa, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya yi ƙasa, idon kowa yana gabas yana jiran hadari. Abin da mutanen Sifaniya ke kira verano shi ma lokacin zafi ne, amma a wurin yaro ma'anarsa hutu: ana rufe makarantu daga ƙarshen Yuni har zuwa Satumba, masu hali kuma su kwashi iyali su nufi bakin teku. Shuɗin da ke cikin sunan na ruwan teku ne da sararin sama.

Shekararsa goma lokacin da gidan talabijin na ƙasa, TVE, ya fara nuna shirin ranar Lahadi 11 ga Oktoba 1981. Kashi 19 ne, ana nuna ɗaya kowace Lahadi da yamma, har zuwa 14 ga Fabrairu 1982. A wancan zamani tashoshi biyu kacal ake da su a ƙasar, dukansu na gwamnati, don haka abin da gida ɗaya ya kalla shi dukan unguwa ta kalla, shi ne kuma hirar filin makaranta ranar Litinin. Iyalin yaron suna zaune a hawa na huɗu na wani bene a bayan birnin Madrid, mahaifinsa yana aiki a masana'anta. Akwatin talabijin ɗinsu mai baƙi da fari ne, saboda haka shuɗin tekun toka-toka ya gan shi. Bai taɓa ganin teku ba. Hutunsu a ƙauyen iyaye ake yin sa, can tsakiyar ƙasa, inda babu komai sai gonakin alkama da itatuwan zaitun da ƙura. Ga shi kuma an nuna shirin cikin kaka da hunturu, yana lulluɓe da bargo yana kallon tsararrakinsa suna ninƙaya.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Yara bakwai ne suka haɗu a wani gari na bakin teku. Akwai Javi mai ji da kai, da abokinsa Quique mai sanyin hali. Akwai Bea, wadda samarin ke rububi a kanta, da ƙawarta Desi, wadda auren iyayenta ya mutu. Akwai ƙananan biyu, Tito ƙanen Bea, da Piraña mai ƙiba wanda bakinsa ba ya rabuwa da abinci. Na bakwai shi ne Pancho, ɗan garin, maraya, wanda ke kai wa mutane kaya daga shagon danginsa yayin da sauran ke hutu. Manya biyu ne suka zama abokansu: Julia, mai zane, wadda ta zo garin da baƙin cikin rasa mijinta da ƴarta a hatsari, da Chanquete, tsohon masunci da ke zaune cikin jirginsa La Dorada, wanda aka girke a kan tudu nesa da ruwa. Sunan nasa laƙabi ne, sunan wani ɗan mitsitsin kifi da ake soyawa a yankin Malaga. Antonio Ferrandis ne ya fito a matsayinsa, da farin gemu da hular matuƙa jirgi, yana kaɗa akodiyon da dare.

Abin da ya fara kama zuciyar yaron kekuna ne. Kowane kashi yana buɗewa da ayarin yaran bisa kekuna a kan hanya, fiton yana tashi, babu babba ko ɗaya da ke ce musu su dawo kafin magariba. Shi kuwa kekensa a barandar bene yake jingine, ba a barinsa ya wuce ƙarshen layi. Daga baya ne ya lura cewa shirin yana faɗin abubuwan da ba a faɗa a gidansu. An nuna uba ya mari ɗansa, aka kuma nuna cewa marin ya bar tabo a zuciyar su biyun. An yi maganar balagar ƴa mace, an yi maganar rabuwar aure. Shekara shida ke nan da mutuwar Janar Franco, wanda ya mulki ƙasar kusan shekara arba'in, kuma a cikin wannan shekara ta 1981 ne aka yi yunƙurin juyin mulki a watan Fabrairu, aka kuma kafa dokar da ta halatta saki a tsakiyar shekara. Yaron bai san komai game da wannan ba. Abin da ya sani shi ne, in aka zo irin waɗannan wurare mahaifiyarsa takan miƙe ta ce za ta duba tukunya, mahaifinsa kuma ya yi gyaran murya ya ɗaga jarida.

Mutum ɗaya ne ba ya motsawa daga kujerarsa, wato kakansa na wajen uwa. Tsohon manomi ne da aka ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar matarsa, aka ba shi gado a ɗakin yaron. Birni bai karɓe shi ba. Yakan wuni a bakin taga yana kallon motoci, hannayensa masu kaushi a kan gwiwa, kamar mai jiran a ba shi aiki. Ba ya son talabijin, yana cewa akwatin surutu ne. Amma ranar Lahadi da fiton ya tashi sai a gan shi ya jawo kujera. Bai taɓa cewa shirin ya burge shi ba. Iyakarsa, in Chanquete ya yi wa yaran wata magana, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan tsoho ya san abin da yake faɗa." Sai da yaron ya girma ya gane dalili: mutum ne aka raba da gonarsa yana kallon mutumin da aka raba da tekunsa.

Kusa da ƙarshen shirin, ƴan kasuwar filaye suka matsa wa Chanquete ya sayar da wurin da jirginsa yake domin su yi manyan gine-gine. Ya ƙi. Yaran da Julia suka hau jirgin suka zauna suna waƙa, suka ce ba mai tayar da su. Yaron ya yi tsalle a kan kujera don murna. Kakan ya ce, "Abokina, zauna. Masu kuɗi ba sa gajiya da jira."

Sai Lahadi 7 ga Fabrairu 1982. Mujallu sun riga sun fallasa abin da zai faru, har a bangonsu, kuma duk ƴan ajinsu sun sani. Sanin bai hana komai ba. Yaran suna wasa a bakin teku, sai ga Pancho a guje a kan rairayi yana kuka, yana shelar cewa tsohon ya mutu. Yaron ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba tun yana ƙarami, har da shessheƙa. Mahaifinsa ya ce ai wasa ne, mutumin yana nan da ransa, gobe ma za a iya ganinsa a titi. Gaskiya ya faɗa, domin Ferrandis ya rayu har shekarar 2000. Amma maganar ba ta shiga ba. Kakan ne ya ɗora masa hannu a ƙeya ya ce, "Ku bar shi ya yi. Gara ya koya a nan."

Bayan shekara biyu, wata safiya ta hunturu, aka tashe shi aka ce ya koma ɗakin iyayensa, kada ya kalli gadon da ke gefe. A wajen jana'iza a ƙauye, ya tsaya cikin manya da rigar da ta yi masa yawa, ya ji wani abu mai nauyi ya tokare masa ƙirji, ya kuma gane shi, domin ya taɓa jin sa. Ya ji kunya ƙwarai da ya tarar fiton ne ke yawo a kansa a bakin kabari, ya ɗauka rashin ladabi ne, bai gaya wa kowa ba. Hausawa na cewa sabo ake yi wa kuka. Tsohon da ke cikin akwati da tsohon da ke kan kujera tare ya saba da su, a ɗaki ɗaya, a yammaci ɗaya, kuma har yau in ya tuna ɗaya sai ɗayan ya biyo.

An yi ta maimaita shirin a lokutan hutu shekara da shekaru, har ya zama abin zolaya a ƙasar. An nuna shi a Fotugal da ƙasashen Latin Amurka, ya kuma samu karɓuwa sosai a Bulgeriya da tsohuwar Yugoslabiya, inda yaran da ba su jin ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci suka yi irin kukan da ya yi. Shi kuwa da ya zama saurayi sai ya fara yi wa shirin dariya tare da abokai, yana cewa kayan yara ne. Ya yi karatu, ya kama aiki, ya yi aure, ya ga teku sau da yawa a wurare dabam-dabam. Garin da aka ɗauki shirin ne kawai ya yi ta kauce wa, ba tare da ya tambayi kansa dalili ba.

Garin shi ne Nerja, ana furta shi kamar "Nerha", a lardin Malaga na yankin Andalus, gabas da birnin Malaga. An ɗauki shirin a can daga 1979 zuwa 1980, har cikin watannin sanyi, yaran suna shiga ruwa suna murmushi alhali jikinsu na ɓari. Sai bayan rasuwar Mercero a 2018 mutumin ya ɗauki ƴarsa mai shekara goma sha uku suka tafi. Sun tsaya a dandalin da ake kira Balcón de Europa, wanda ke leƙa teku daga kan dutse. Sun shiga shahararren kogon garin, wanda wasu samari suka gano a 1959, inda aka ɗauki wani kashi na shirin. Daga nan suka nufi lambun shaƙatawa da aka raɗa wa sunan shirin, inda La Dorada ke girke.

Gani ya kori ji. Jirgin da ke wurin ba na ainihi ba ne, irinsa aka sake ƙerawa domin baƙi, na farkon ma kayan wasa ne da aka haɗa don ɗaukar hoto. Kewaye da lambun akwai wurin ajiye motoci da benaye. Tuddan da ya sani a talabijin sun cika da fararen gidajen haya da masaukan ƴan yawon buɗe ido, kuma shaharar shirin tana cikin abin da ya jawo su. Ya tuna maganar kakansa game da masu kuɗi. Bai iya jin haushi ba, domin shi ma kuɗin ɗaki ya biya a ɗaya daga cikin benayen, kuma mutanen garin da abin suke ci.

Ƴar ta ɗauke shi hoto a gaban jirgin da wayarta, ta duba, ta ce, "Baba, wannan ɗan ƙaramin abin ne ka yi ta ba mu labari?" Ya ce shi ne. Da dare a masauki ya nemo kashin farko a intanet suka kalla tare. A nan ya ga abin da bai gani ba yana yaro: tafiyar labarin tana da nawa, wasu maganganun sun yi kama da wa'azi, wasan yaran wani lokaci a sandare yake. A karo na farko kuma ya ga tekun da launinsa, shuɗi sosai, sai ya ji kamar ba shi ba ne. Kafin a kai rabi yarinyar ta koma kan wayarta. Ya yi niyyar yi mata faɗa, sai ya fasa. Ba ta da bargon, ba ta da hawa na huɗu, ba ta san kujerar da ake jawowa ba. Ita shiri kawai aka nuna mata.

Ana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutumin ya daɗe yana juya wannan magana, bai yarda da ita duka ba. Bana ba ta yi masa laifi ba, kuma ba ya fatan komawa gidan da ake tashi a duba tukunya don gudun magana. Hausa ta bambanta marmari da kewa: ana marmarin abin da za a iya sake samu, kamar abincin da aka daɗe ba a ci ba, ana kewar wanda ya bar gurbi. Shirin yana nan, kashi 19 cif, duk lokacin da ya so zai kalla, don haka marmarinsa ba ya wuce dare ɗaya. Kewar kuwa ta mutanen da ke cikin ɗakin ce, kuma daga cikin huɗun da ke zama gaban akwatin, shi da mahaifiyarsa kaɗai suka rage.

A kashi na ƙarshe baƙi suna ɗaure kaya, motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya, Julia ma ta tafi, aka bar Pancho a garinsa. Yana yaro ya ɗauka masu tafiya ne abin tausayi, tunda hutunsu ya ƙare. Yanzu Pancho yake kallo.

Washegari suka kama hanyar Madrid. Sun yi nisa cikin tuddan zaitun, yarinyar tana kallon taga, sai ya ji tana fito a hankali, ba ta ma san tana yi ba. Ta kuskure wuri ɗaya. Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya yi shiru, ya rage ƙarar rediyo. Da suka tsaya shan mai ya kira mahaifiyarsa a waya ya ce mata za su biyo ta gidanta ranar Lahadi da yamma.