Sanduna Tara a Jakar Kakana

1/ Yau 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Tun safe nake ganin hotunan manya suna ajiye furanni a Abuja. Ni nawa tsohon sojan ba mai nuna shi a talabijin, don haka bari in ba ku labarinsa a nan. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Kakana ne, mahaifin mamata. A Sabon Garin Zariya aka haife shi, a nan ya rasu watanni biyu da suka wuce. Saje Manjo ya yi ritaya, amma duk layinmu "Manjo" ake ce masa. In ka tambaye shi ya ce, "Su suka yanke Sajen. Ni kuma ban ga dalilin kai ƙara ba."

3/ Ni "amarya" yake kira na, wasan kaka da jika. In na shigo daga Samaru sai ya ƙwala wa kakata kira: "Tsohuwa, tattara kayanki, mai ɗaki ta iso." Ita kuma ta ce in zo in ɗauke shi ko kyauta, har da cikon buhun masara.

4/ Abin da ya sa unguwa ke masa kallon wani iri shi ne golf, wanda wasu ke ce wa ƙwallon lambu. Tsoho mai fansho, gidansa ko fenti babu, amma duk Asabar ya ɗaura jakar sanduna a bayan tsohuwar Vespa ya nufi filin da ke GRA. In an tambaye shi ya ce gona za shi.

5/ Ba da kuɗi ya koya ba. Yana yaro yake ɗaukar wa Turawa da manyan ma'aikatan reluwe jaka, a ba shi 'yan kwabbai. In sun tafi shi da abokansa su lanƙwasa ƙarfen rodi su yi ta bugun ƙwallayen da suka tsinta a ciyawa. Ya ce lokacin wurin ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai.

6/ A 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, ya shiga soja bai kai ashirin ba. A Depot na nan Zariya aka horar da shi, inda tun 1924 ake horar da kurata. Shi ya fara gaya min cewa sunan barikin Chindit daga yaƙin Bama ya samo asali, inda sojojinmu suka yi yaƙi a daji lokacin yaƙin duniya na biyu. Ni da nake wuce wurin a bas ban taɓa tambaya ba.

7/ An tura su ɓangaren Nsukka da Enugu. Iya abin da na sani ke nan. Mutumin da ke iya yin awa biyu yana ba da labarin yadda akuya ta cinye masa hula, in aka zo maganar yaƙi sai ya ce, "An je, an dawo, wasu ba su dawo ba." Ya nemi ruwan alwala.

8/ A 2022 da aka yi yajin aikin ASUU, wata takwas muna gida, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zaman ya ishe ni har na fara faɗa da kowa. Wata Asabar ya ce, "Amarya, sa hijabinki, na samo miki aiki." Aikin ashe ɗaukar jaka ne. Wallahi na yi ta ɓoye fuska kar 'yan ajinmu su gan ni.

9/ Nan na koyi wasan. Cikakken zagaye rami 18 ne, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Ya ce, "Wannan ne kaɗai wasan da mai ƙaramin maki ke zuwa na ɗaya. Da jami'arku na bin tsarinmu da tuni kin zama farfesa." Har yau ban rama wannan ba.

10/ Abokin wasansa wani dattijo ne Ibo mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari. Sun fi shekara talatin tare. Sai a filin na ji cewa shi ma ya yi yaƙin, a ɗaya ɓangaren. Duk sanda ya kuskure rami sai Kaka ya ce, "Kin gani? Haka ya yi ta kuskure na a 67. Shi ya sa nake raye." Su yi ta dariya har da tari.

11/ Sau ɗaya ya taɓa min magana ba wasa. Ƙwallonsa ta faɗa gindin wata bishiya, ba mai kallo, na sa ƙafa na ɗan turo ta fili. Ya dube ni ya ce in mayar. Sannan ya ce, "A wasan nan ba alƙali da ke bin ka. Kai ke faɗin bugunka da bakinka. Wanda ya yi ƙarya a kan ƙwallo, me zai yi in an ba shi amanar mutane?" Muka ƙarasa ramin shiru.

12/ Ranar sadakar uku dattijon nan ya zo, ya cire takalmi ya zauna kan tabarma cikin malamai har aka shafa. Da zai tafi ya ce da ni da Hausarsa ta Sabon Gari, "Yanzu wa zai zage ni ranar Asabar?" Nan ne na fara kuka na gaske.

13/ Da aka zo rabon gado, kawuna ya ce a sayar da sandunan, akwai mai so. Ba laifinsa, haƙƙin magada ne, ni jika ba ni da kaso. Aka ce in ƙirga. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanda 14, kuma na san cike take lokacin da nake ɗauka. Na ƙirga sau uku. Tara.

14/ A aljihun jakar na samu tsofaffin katunan maki. A bayan biyar daga ciki ya rubuta da biro: sunan sanda, kuɗin da aka saya, sai kalma ɗaya, "Amarya". Na duba watannin. Rajista. Kuɗin ɗaki. Lokacin da wayata ta faɗa ruwa ana gab da jarrabawa. Ni kuwa duk zatona daga fansho yake ba ni.

15/ Kuma na tuna na taɓa tambayarsa me ya sa jakar ta yi sauƙi. Ya ce, "Gwani ba ya buƙatar kaya da yawa." Na yi dariya na wuce. Ban sake tambaya ba.

16/ Na roƙi Mama ta karɓi sandunan a cikin kasonta, aka yi musu kuɗi, ta yarda. Na san kuɗin da sun yi mata amfani, ga rajistata ta ƙarshe na tafe. Ba ta ce komai ba, ta dai ce in share musu ƙura. Suna bayan ƙofar ɗakinta.

17/ Abin da ke ci na shi ne ina da ɗaruruwan hotunan kaina a waya, amma ba ni da muryarsa ko ta minti ɗaya. Waɗanda suka ga 1967 da idonsu sun kusa tamanin yanzu. In naku na raye, ku je wannan satin, ku kunna rikoda ku ajiye. Ko bai ba ku labarin yaƙi ba, ku ɗauki na akuyar.

18/ Allah Ya jiƙan Manjo, Ya sa ya huta, Ya kai haske kabarinsa. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa shi a addu'a.