Wuta Na Ci, Daɓe Na Sanyi

Bahaushe ya san sanyi, amma sanin baƙo ya yi masa. Hunturu kan zo da hazo da ƙura, ya fasa leɓe da diddige, ya tara tsofaffi a bakin wuta da asuba, kafin wata uku kuma ya tattara ya bar wa bazara fili. Shi ya sa mafi yawan hikimar gininmu ta tafi wajen korar zafi, daga katanga mai kauri zuwa taga ƙarama da rumfa a tsakar gida. A arewacin Amurka kuwa al'amarin a juye yake. Can ana gina gida ne domin ya riƙe ɗumi, kuma ranar da abin ɗumama shi ya gaza, ran mazauna gidan ne ke cikin haɗari.

Karatu ne ya kai mu birnin Madisin na jihar Wiskonsin, garin da ɗaliban Hausa ba su rasa jin sunansa ba, domin a jami'arsa ne marigayi Neil Skinner ya yi shekaru yana koyar da harshenmu. Gidan da muka kama haya ƙarami ne, ba bene, kuma ta ƙasa ake ɗumama shi. Wato tun lokacin gini aka shimfiɗa dogayen bututan roba a lanƙwashe, aka zuba kankare a kansu. A wani ɗan ɗaki kusa da madafa akwai tukunyar ƙarfe mai aiki da iskar gas, wadda masu gyara ke kira boila. Ita ke dafa ruwa, wani ƙaramin inji ya tura shi cikin bututan, daɓe ya ɗau ɗumi, ɗaki ya samu. Dabarar ba sabuwa ba ce. Rumawa sun yi ta bi da hayaƙin wuta ta ƙarƙashin ɗakunan wankansu, mutanen Koriya kuma suna da nasu mai suna ondol tun zamani mai nisa. A cikin Madisin ɗin ma akwai gidan da shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya tsara wa iyalin Jacobs, aka gina a 1937 da bututan ɗumi a ƙarƙashin daɓe, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2019.

A farkon watan Janairu na 2019 Allah ya ba mu haihuwa, kuma Inna, mahaifiyar maijego, ta taso daga gida domin zaman jego. A daidai wannan lokaci ne gidan ya soma gazawa. Ma'aunin bango, wanda ke ba tukunya umarnin kunnawa da kashewa, yana kan digiri 21 na Salsiyas, amma falo ba ya wuce 16, ɗakin kwana kuwa 14. Jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba, saboda haka muka kwaso shimfiɗa muka tare a falo, ana naɗe shi kamar ƙunshin goro. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne tukunyar ba ta mutu ba. Muna jin ta kama da ƙugi, ta yi 'yan mintoci ta ɗauke, jim kaɗan ta sake kamawa, dare da rana.

Mun sanar da mai gidan, ya aiko da mai gyara. Mutumin bai yi rabin sa'a ba ya yanke hukunci cewa tukunyar ta tsufa, sai an sayi sabuwa, abin da zai ci dubban daloli. Da mai gida ya ji kuɗin, sai ya ce a yi haƙuri zuwa ƙarshen sanyi, ya aiko mana da 'yar hita ta lantarki guda ɗaya. Ga shi masu hasashen yanayi sun fara shelar cewa wata iska mai tsananin sanyi za ta gangaro daga ƙuryar arewacin duniya kafin wata ya ƙare. Tashi daga gidan da ɗanyen jego ba zai yiwu ba, kuɗin otal kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Bayan wannan akwai wani tsoron: idan daɓe ya yi sanyin da ruwan ciki ya daskare, ruwa kan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa abin da ya tsare shi.

Inna ce ta fara karkato da hankalinmu. Ita ba ta yarda da takalmin ɗaki ba, da ƙafarta take taka ko'ina, a ƙasa take salla, a ƙasa take cin abinci. Wata safiya ta ce, "Ku yaran nan, kuna ta kallon bango, ku taka ƙasa mana. Madafa da ɗumi, falo sama-sama, ɗakinku kuwa kamar randa." Sa'an nan ta tuna mana gadon ƙasa irin na da, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa domin tsoho ko maijego. Ta ce idan wuta na ci amma gado bai ɗau zafi ba, ba a zargin itace, hanyar zafin ake dubawa. Wannan magana ita muka kai wa wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin ɗumama gidaje. Ya yi dariya, ya ce tsohuwar ta riga mai gyaran gano bakin zaren. Ya ɗauko ma'aunin zafi mai kama da 'yar bindiga, ya ce mu zo da littafi da biro.

Kafin ya taɓa kome sai da ya gindaya mana sharaɗi. Ya ce ɓangaren ruwa kowa na iya dubawa, amma ɓangaren wuta da gas da bututun hayaƙi na mai lasisi ne kaɗai. Dalili kuwa, wutar da ba ta ci daidai ba tana fitar da iskar guba marar wari marar launi, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Ya gwada na'urar gargaɗin da ke jikin bango, ya tabbatar tana aiki, sa'an nan muka shiga bin ruwa daga mafarinsa.

Tambaya ta farko ita ce, shin tukunya na yin zafi? Bututun da ke fita daga cikinta ya nuna digiri 75. Ke nan ba ta da laifi. Kamawa da ɗaukewar da take yi alama ce ta cewa tana dafa ruwa amma ba a kwashe zafin daga gare ta, sai ta kai iyakarta ta kashe kanta. Tambaya ta biyu, wane irin ruwa ke shiga daɓe? Ba a tura ruwa mai digiri 75 cikin kankare, domin zai ƙona tafin ƙafa ya lalata shimfiɗar daɓe. Akwai bawul na musamman da ke sirka shi da ruwan da ya dawo a huce, kamar yadda ake sirka ruwan wanka. Dattijon ya ce gida irin namu, a rana mai tsananin sanyi, yana son ruwa tsakanin digiri 40 da 45. Da muka auna bayan bawul ɗin sirki, 31 muka gani. Ya murɗa kansa hagu da dama, awon bai motsa ba. Bawul ya cije.

A nan ya yi mana wani lissafi da ya zauna mana a ka. Ba a son fuskar daɓe ta wuce digiri 29 a ɗakin zama. Idan ta kai haka, iskar ɗaki kuma tana 20, kowace murabba'in mita na ba da wajen wat 100 na ɗumi, wato kimanin wat 11 a kan kowane digiri na bambanci. Daɓen falonmu yana 21, iska tana 16, saboda haka abin da yake bayarwa kimanin rabin ƙarfinsa ne kawai, alhali tagogi da rufi na zubar da ɗumi gwargwadon tsananin sanyin waje. Ɗaki kan tsaya ne a inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, ko da an kai ma'aunin bango ƙarshensa.

Tambaya ta uku, ina ruwan ke bi? A jikin bango akwai mararraba inda babban bututu ya rabu gida biyar, kowane reshe da ɗakinsa, kowane da ɗan gilashin da ke nuna gudun ruwa. A ƙa'ida, ruwan da ya zaga daɓe ya kamata ya dawo da ragin digiri 5 zuwa 10. Na madafa ya shiga da 31 ya fito da 29, domin reshensa gajere ne, ruwa kuwa hanya mai sauƙi yake so, sai ya yi ta rugawa ta nan. Na ɗakin kwana, wanda ya fi kowane tsawo, gilashinsa na kan sifili, bututun dawowarsa sanyi ƙalau. Da muka kara kunne sai muka ji ƙulu-ƙulu. Iska ce ta taru ta tsaya a hanya, ɗan injin turawa kuma ba shi da ƙarfin ture ta.

Mu a ganinmu an gama bincike, amma dattijon ya ce ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan bututai a rufe suke, ruwa ɗaya ke zagayawa shekara da shekaru, to daga ina iska ta shigo, me kuma ya cije bawul? Ya sa mu zauna muna kallon gejin matsin ruwa. Da tukunya na hutawa allura na wajen 10 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, da ta kama wuta sai ta haura har 30, nan take wani bututu a gefe ya soma ɗiga. A ƙasansa ga farin tabo ya bushe, shaidar an daɗe ana haka. Ya nuna mana wani ɗan tanki mai kamar tulu. A cikinsa akwai tantanin roba, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska, aikinsa shi ne ya ba ruwa wurin numfashi idan ya kumbura da zafi. Ya ƙwanƙwasa sama da ƙasa, duk sauti ɗaya. Ya danna bakin iskarsa, sai ruwa ya tsarto. Tantani ya fashe.

Daga nan sarƙar ta fito fili. Tanki ya mutu, matsi ya hau, bawul ɗin kariya ya zubar da ruwa, tukunya ta huce matsi ya faɗi, bawul ɗin cikawa ya ɗebo sabon ruwa. Sabon ruwa kuwa da iska yake tafe, ga shi ruwan Madisin na rijiyoyi ne masu zurfi, mai yawan sinadarin farar ƙasa. Iskar ta toshe reshe mafi tsawo, ta kuma haddasa tsatsa a cikin tukunya, tsatsa da farar ƙasa suka taru suka cije bawul ɗin sirki. Da an kawo sabuwar tukunya an ɗora a kan wannan, da kuɗi sun tafi, sanyi yana nan.

Mun kwafe awon nan duka a takarda ɗaya, da rana da sa'a, muka aika wa mai gida. Kukan da muka yi mako biyu muna yi bai motsa shi ba, amma da ya ga lambobi, ya kuma ga gyaran bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin tukunya ba, washegari ya turo wani mai gyaran. Aka sauya tanki da bawul. Aka rufe rassa huɗu aka tura ruwa da ƙarfi ta ɗaya har kumfa ya ƙare, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka rage wa madafa gudu domin ɗakin kwana ya samu rabonsa. Sai kuma jira, domin kankare ba ya gaggawa: yini da kwana ya ɗauka kafin ɗumi ya ratsa shi. Saboda wannan nauyin ne ma aka shawarce mu da kada mu riƙa rage ma'aunin bango da dare, a bar shi wuri ɗaya.

A ranakun 30 da 31 ga Janairu sanyi ya zarce digiri 30 ƙasa da sifili, jami'a ta dakatar da darussa, titi ya yi tsit. A cikin gida ma'auni ya tsaya a 19 bai sauka ba.

'Yan'uwa ɗalibai da malamai da karatu zai kai ƙasashen sanyi, ga guzuri kaɗan. Ranar da za ku karɓi makulli, ku nemi a nuna muku tukunya, da gejinta, da inda ake rufe ruwa da gas, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yi gwajin ɗumi tun cikin watan Oktoba. Idan abu ya gaza, ku auna ku rubuta kafin ku kai ƙara, ku bi zafin daga inda aka haife shi zuwa inda ya ɓace. Ku gai da maƙwabci tun ba ku da buƙatarsa. In kuwa akwai tsohuwa a gidan, ku tambaye ta abin da ƙafarta ta ji.