Garin Gyaran Gira Kada A Rasa Ido

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sam mini ɗan fili in yi wa 'yan'uwa magana a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai.

Labari ya iso mu cewa likitocin Amurka sun gwada wani kafso, wai shi dokisisaikilin, a biranen San Faransisko da Siyatil. Mutum ya sha miligiram 200 kafin awa 72 ta cika bayan saduwa, don tsare kai daga tunjere da ciwon sanyi da kilamidiya. Cikin 2023 suka bayyana cewa cututtukan nan sun ragu da wajen kashi 2 cikin 3. Cikin 2024 hukumarsu ta yaƙi da cututtuka ta yarda da shi, amma ga wasu mutane kaɗan, galibinsu maza masu saduwa da maza waɗanda suka kamu cikin shekarar da ta wuce, kuma a hannun likita. Da aka gwada shi ga mata a Kisumu ta ƙasar Kenya, ba a ga cutar ta ragu sosai ba.

To, ga tsorona. A nan garuruwanmu na sha ganin samari suna sayen kafso biyu ko uku a kemis ba takardar likita, su jefa aljihu kamar laya. In suka ji labarin nan sai su ce ai Turawa ma sun yarda.

Jama'a, ƙwayar ciwon sanyi tsohuwar maƙiyiya ce. An yaƙe ta da maganin salfa tun kafin 1940, ta gagare shi. Aka koma ga fenisilin, cikin 1976 aka sami irin da ke lalata shi. Cikin 2007 Amurka ta bar yi mata magani da sifurofulozasin. Yanzu allurar seftiriyazon ake dogara da ita. Dalili kuwa, magani yakan kashe raunanan ƙwayoyi, masu taurin kai su saura su hayayyafa.

Kuma kafso bai san abokin gaba ba. Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyi masu amfani, ba su ƙidayuwa. An duba na masu shan kafson nan wata 6, aka ga ire-irensu ba su sāke sosai ba, amma halin jure wa maganin ya ƙaru a cikinsu. Ƙwayoyi kuwa sukan ba juna aron wannan hali.

Ku tuna, da dokisisaikilin ɗin nan ake taimakon wanda kwalara ta kayar. In muka dushe kaifinsa, yaron da bai ci ba bai sha ba shi zai biya.

Saboda haka ina roƙon malamai da akawuna, mu da ake kawo wa takarda mu karanta, mu faɗa wa na ƙasa da mu gaskiya. Kame kai shi ne babban rigakafi, bayansa kwaroron roba. Wanda ya ga alama ya tafi asibiti tare da abokin zamansa, ya sha magani yadda aka ce har ya ƙare.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu