Zuwa Legas Sayen Homa

Alhajin da na bi zuwa Legas motoci bakwai gare shi a layin Kano zuwa Abuja, dukkansu Toyota Hiace masu dogon rufi, waɗanda 'yan tasha ke kira homa. Yana da wani littafi mai baƙin bango, kowace bas da shafinta. A gefe ɗaya ranakun da ta yi lodi ta kawo balas, a ɗaya gefen ranakun da ta kwana a gareji da abin da ta ci. Ba ruwansa da shekarun mota, ba ruwansa da kilomita, tunda yawancinsu agogon ya daɗe da tsayawa. Idan gefen gareji ya rinjayi gefen lodi wata uku a jere, to rabuwa ta zo. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ta kai nan: an sauke injinta har sau biyu, giya na fita da kanta a kan hawa, direbanta ma ya fara cigiyar wani ubangidan a Unguwa Uku.

Mun tashi daga tashar manyan motoci ta Sabon Gari bayan la'asar, ni da shi da bakanikensa, wani dattijo marar yawan magana da ya koyi aiki a kan Fijo 504 da J5. Kayan tafiyarsa ba su wuce jaka ɗaya ba, a cikinta akwai tocila, da tsumma, da ɗan maganaɗisu, da sifana biyu. Tun kafin mu wuce Zariya ya fara ba ni labarin zamanin da mai motar haya ba ya bukatar wannan doguwar tafiya. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ANAMMCO na Inugu da aka buɗe a 1980 yana fitar da manyan bas na Marsandi, Bauci na da Steyr. A 1988 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro shirin sufurin jama'a, jihohi suka samu motoci suka ƙarfafa kamfanoninsu. Haka kuma a Janairun 2012, lokacin rikicin cire tallafin mai, gwamnatin Jonathan ta yi alƙawarin bas 1,600. Dattijon ya ce duk ya ga zuwansu, ya kuma ga yadda da yawa suka ƙare a kan duwatsu a bayan ofisoshi, ba taya ba fitila. A cewarsa ba sayen ne ke kayar da mu ba. Ranar da aka yanke ƙyallen ƙaddamarwa babu wanda ke tambayar ina za a samo kayan gyara, kuma wa zai ware kuɗin sayen waɗanda za su gaje su.

Na tambayi Alhaji me ya hana shi sayen sabuwa dal daga dila. Ya yi min lissafi da yatsunsa a cikin duhun mota. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura dubu. A watan Yuni na shekarar aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mota da dala ake sayenta, taya da dala, batir da dala, amma fasinja da naira yake biya, kuma in ka ƙara masa kuɗi da yawa sai ya tsallaka titi ya hau ta bakin hanya. A lissafinsa, kuɗin sabuwa ɗaya zai sayo masa 'yan Kwatano biyu har da canji, banki kuwa ba ya ba irinsa bashi sai da ruwan da ya fi ribar layin, ga shi kuma shi ba mai son taɓa kuɗin ruwa ba ne. Da can Kwatano ɗin suke zuwa da kansu, amma tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa irin su Apapa da Tin Can.

Mun sauka wurin 'yan uwa a Agege, washegari wani dillali Bakano da ya daɗe a garin ya ja mu zuwa kasuwar motoci ta Berger, a kan hanyar Apapa. A hanya na ga abin da ya kamata duk mai sha'awar wannan sana'a ya gani. Danfo masu ruwan ɗorawa, yawancinsu Volkswagen da aka daina ƙera irinsu a Jamus tun farkon shekarun 1990, suna ta ɗiban mutane, ƙofa a ɗaure da igiya. Kusa da su, a layinsu na musamman, ga manyan bas na BRT da suka fara aiki a 2008. Gari ɗaya, titi ɗaya, amma tsakanin motocin biyu akwai shekara talatin.

A Berger motoci sun yi sahu har inda ido ya tsaya, an wanke su an shafa wa tayoyi mai suna ƙyalli. Homa ta farko da aka nuna mana fara ce tas, kujerunta da leda. Alhaji ya zagaya ta fuskarsa a sake. Bakanike bai ko buɗe injin ba. Ya tsaya a gefen dama ya shafa jikinta, sannan ya zagaya hagu ya ja ƙofar fasinja.

"Alhaji, dubi inda ƙofa take."

Ƙofar a hagu take. Motar ta fito ne daga ƙasar da ake tuƙi a hagun titi, aka ciro sitiyarinta daga dama aka dasa shi a hagu. Nijeriya ta koma tuƙin dama tun 1972, wato duk fasinjan da zai sauka daga wannan mota a tsakiyar titi zai sa ƙafa, ba a bakin hanya ba. Ya haska tocila a ƙarƙashin sitiyari ya nuna min ɗinkin walda, baƙi, kauri, ba irin na kamfani ba, da bututun birki da aka lanƙwasa aka ƙara masa tsawo. Ya ce irin wannan walda ba ta sanarwa kafin ta saki. Dillalin ya rantse cewa gwanaye ne suka yi aikin. Alhaji ya ce Allah ya kawo kasuwa, muka yi gaba.

Ta biyu motar kaya ce asalinta, aka yanke gefenta aka sa gilasai, aka jera kujeru. Dattijon ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Kusoshin da suka riƙe kujerun a falle ɗaya na ƙarfen dabe suke, ba wani abin da ya tallabe su daga ƙasa. In aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, kujerun da mutanen da ke kansu gaba ɗaya za su taho su danne na gaba. Na sha karanta rahoton haɗari da aka ce mutum goma sha takwas sun rasu nan take, ban taɓa kawo wa raina cewa wani ɓangare na dalilin yana cikin kusoshi huɗu ba sai ranar.

Da ya samu wadda ta kwanta masa a rai, sai na ga yadda ake sayen mota. Injin homa a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Ya ɗaga kujerar, ya sa aka tayar da ita da sanyinta, bai yarda a ɗumama ta kafin mu zo ba. Ya cire murfin baƙin mai ya ɗora tafin hannu a bakin yana jin ko iska na hurowa. Ya buɗe lagireto ya duba ko mai ya gauraya da ruwa. Ya aiko ni baya in tsaya wajen salansa in faɗa masa launin hayaƙi. Sai ya ɗauko maganaɗisun nan ya riƙa bin jikin motar da shi, taƙi bayan taƙi. Duk inda ya ƙi kamawa, to foti ne aka cika rami da shi aka bi da fenti. Ya duba robar fedar birki da ta kuloci, don ita ba ta iya ƙaryar da agogon kilomita ke yi. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban taya ya goge gefenta da tsumma, ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayoyin sun tsufa, biyu ma na ƙasar ƙanƙara ne, ga hoton dutse da dusar ƙanƙara a jikinsu. Ya ce a cire kuɗin taya huɗu masu harafin C, na ɗaukar nauyi, daga farashin, in ba haka ba babu ciniki.

An yi muhawara a kan inji. Mai dizal ya fi jan kaya da jure doguwar tafiya, amma dizal ya riga fetur tsada da daɗewa, kuma famfon mansa in ya lalace ba kowane gareji ke taɓa shi ba. Mai fetur, 2TR, kowane yaro a Ƙofar Ruwa ya san shi, kuma shi ne ake iya juyawa ya koma gas. Dillali ya kawo zancen na Sin, irin su Jinbei da King Long, masu kama da homa kamar an tsaga kara, sababbi kuma da rangwame. Ya ambaci Innoson da ake harhaɗawa a Nnewi. Alhaji bai kushe ko ɗaya ba. Ya ce tambayarsa ɗaya ce: in ta tsaya masa a Tafa da tsakar dare, a ina direba zai samu kayanta kafin gari ya waye, kuma in ya tashi sayar da ita bayan shekara biyar, wa zai taya? Na so a ce amsar ta faɗa kan motar gida, domin kuɗinmu ya zauna a ƙasarmu. Amma mai mota bakwai ba zai iya yin gwaji da jarinsa ba. Wannan nauyi na gwamnatocin jihohi ne da manyan kamfanoni, su saya da yawa har kayan gyaran su cika kasuwa.

Aka duba lambar shasi da ta takardar kwastan harafi bayan harafi, aka biya ta banki, aka sa sababbin tayoyi a Ladipo. Bakanike ne ya ja ta zuwa gida. Muka bi Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, muka tsallaka kogin Kwara a Jebba. Daga Mokwa muka karkata ta Bida, don direbobi da yawa sun daina bin Tegina zuwa Birnin Gwari saboda 'yan bindiga. Takardunmu a cike suke, duk shingen da aka tsayar da mu ba mu daɗe ba.

Tsakanin Mokwa da Bida ne tafiyar ta yi min nauyi. Ranar kasuwa ce a wani ƙauye, motoci na fitowa daga hanyar burji. J5 ce da C20 da tsofaffin hayis, bayansu ya kusa taɓa ƙasa, buhunan shinkafa da doya a sama, mata da goyo a ciki, samari a maƙale a ƙofa. Wata gilashin gabanta ya tsage kamar yanar gizo-gizo. Na tambayi Alhaji ina tasa tsohuwar za ta. Ya ce ya riga ya yi magana da wani tsohon direbansa, zai ɗauke ta ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya sa ta a layin kasuwannin ƙauye. Wato motar da aka yanke hukuncin cewa ba ta da amincin kai ma'aikaci Abuja, ita ce za ta kai mai naƙuda asibiti a hanyar da ta fi muni, inda babu jami'in kiyaye haɗura, babu bakanike kusa. Turai da ƙasashen Larabawa su gama da mota su turo mana, babban layi ya gama da ita ya tura wa ƙaramin layi, ƙaramin layi ya tura wa ƙauye. Ban ga matakin da ake cewa ta isa haka a kai ta wurin 'yan gwangwan ba.

Na faɗa masa haka. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Malam, in na sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin ba zai sayi tayoyin wannan ba. Kuma in ban sayar wa yaron nan ba, mutanen ƙauyen a bayan a-kori-kura za su hau tare da shanu." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi damuna. Hukumar kiyaye haɗura tana da tsarin tantance duk mai motocin haya biyar zuwa sama, ta kuma tilasta sa na'urar taƙaita gudu tun Fabrairun 2017. Waɗannan suna kama irin su Alhaji a babbar hanya. Mai mota ɗaya a hanyar burji, wanda ya fi kowa tsohuwar mota, babu wani shiri da zai karɓi tasa ya ba shi mai dama-dama ya riƙa biya.

A Kaduna muka tsaya wani wurin da ake juya motoci zuwa gas ɗin CNG, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinsa a 2023. Alhaji ya daɗe yana kallon tukunyar da aka ɗaure a bayan wata homa. Gas ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, amma tukunyar ta cinye wurin kaya, kuma fasinjan Kano ba ya tafiya hannu rabbana. Ga gidajen sayar da gas ɗin ba su yawaita a Arewa ba. Kowa na jiran bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Ya ce zai gwada da mota ɗaya tukuna, ba wannan ba.

Rigimar ƙarshe a Kano aka yi ta, a kan kujeru. Motar ta zo da na kamfani, kowace da bel ɗinta. Direban da za a ba wa da ɗan kamasho suka dage a kai ta wurin mai walda a matse layukan a mayar da ita mai cin mutum goma sha takwas, kamar sauran na tasha, in ba haka ba balas ba zai fita ba. Bakanike ya ce duk wanda ya taɓa kujerun nan ya nemi wani mai gyaran. Alhaji ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya bar kujerun yadda suke, ya rage wa direban balas, ya ce a ɗan ƙara kuɗin kujera a gani ko fasinja zai biya don ya miƙe ƙafa. Ya buɗe mata sabon shafi a littafin. Akwai wasu biyu da gefen garejinsu ya fara cika, su kuwa ya ce babu kuɗin komawa Legas bana. Inji ɗan Kwatano zai nema musu a Ƙofar Ruwa, su ƙara shekara ɗaya a hanya.