Katangar da Ake Dasawa

Kafin bulo da kwano su mamaye unguwanni, gidaje da yawa a Bahuli katangarsu tsirowa take yi. Wanda ya taso daga Mubi ya nufo gindin duwatsun Mandara, daf da iyakar Kamaru, zai ga layin ƙerana kore shar ko a tsakiyar rani, ya zagaye gida da garke da 'yar gonar bayan ɗaki. A cikin irin wannan shinge na yi wayo.

Dashen yana da lokacinsa. Sai bazara ta kankama, wajen watan Afrilu, Baffa zai wasa adda ya shiga gidan maƙwabci ya saro rassa. Ba a sayen reshe, roƙa ake yi, kuma ban taɓa jin an hana kowa ba. Zai jingine su a inuwa har bakin saran ya bushe, domin ɗanyen sara in ya sha ruwa ruɓewa yake. Sannan ya tona rami, ya kafa, ya tokare da duwatsu, ya kama gabansa. Babu ban-ruwa, babu taki. Damina na sauka sun kama ƙasa.

Har yanzu ina ganin farin nonon ƙerana yana bin kaifin addar, yana ɗiga a ƙasa, yana danƙarewa a hannun Baffa har ƙura ta mai da shi baƙi. Da mun matso kallo sai Goggo ta daka tsawa: "Kai, ku ja da baya! In ya faɗa muku a ido, yau ba mai barci a gidan nan." Gaskiyarta. Nonon yana ƙona fata, yana iya lalata ido, kuma wanda tsautsayi ya faɗa wa sai a yi ta kwarara masa ruwa kafin a nemi magani. Awaki ma sun san haka, shi ya sa suke ratse wa shingen.

Kowane tsiro da halinsa. Ƙerana dogo ne mai kusurwa da ƙayoyi bibbiyu. Tinya gajeriya ce mai kauri, ganyenta a kan reshe kawai, nononta kuwa ya fi na kowa zafi, har maharba na haɗa shi a dafin kibiya. Fid-da-sartse siririya ce, ana ɗiga ruwanta inda ƙaya ta karye a ƙafa. Aguwa sai da na girma na gan ta a ƙasar Katsina da Maraɗi, tana raba gona da burtali, tana tare yashi. Masana sun ce duk dangi ɗaya ne, Euphorbia, mai iri kusan 2,000 a duniya.

Tsofaffi kan ce ba don akuya aka fara wannan shinge ba. A zamanin farautar bayi, mutanen duwatsu sun riƙa jera ƙerana da ƙaya layi bayan layi, inda doki ba ya iya kutsawa. Ba tsohon labari ba ne can: Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya bar littafin da ke lissafa hare-harensa daga 1912, kuma sai a 1927 Turawan Ingila suka tuɓe shi. Abin da muke wasan ɓuya a bayansa, garkuwar kakanni ce.

Yau an sare mafi yawansu. Wasu na tsoron maciji, wasu na tsoron idon yara, wasu kuma rashin tsaro ya sa sun fi natsuwa da bulo, ba kuma zan ga laifinsu ba. Abin da ke min ciwo shi ne, a birane mutane na biyan kuɗi su sayi ɗan'uwan ƙerana mai jan fure da aka kawo daga Madagaska, suna jera shi a tukwane, namu kuwa ana ƙone shi kamar ciyawa.

Katangar siminti tana tsagewa, ta ci kuɗin gyara. Ƙerana kuwa in ya karye, reshen da ya faɗi shi ne sabon shinge, ga riƙe ƙasar gangare kada ruwa ya kwashe ta. Mai gina gida a Bahuli ya yi bulonsa ta gaba, amma ya bar wa ƙerana bayan gida da gefen gona, nesa da wurin wasan yara. Dattawan da suka san lokacin sara da zurfin rami suna nan da ransu. A je a tambaye su tun bana, kafin ruwa ya sauka.