Rikicinmu da hukuma, da haƙƙin maƙwabcinmu Kirista

Ya ku ƴan'uwa da muke sahu ɗaya a nan Korgom, da ku da kuke ci-rani a Maraɗi, Kano da Agadas.

Jiya bayan isha'i wani matashi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce: "Malam, ashe raba addini da mulki ba aƙidar Kiristoci ba ce? To don me za mu raga musu?" Tambayar ta hana ni barci, domin ta tuna mini da watan Yuni na 2019. An kama wani limami a Maraɗi saboda ya soki dokar tsara ayyukan ibada da ke gaban majalisa, matasa suka fusata, suka cinna wa wata majami'a wuta. Masu ibada a cikinta ba su rubuta dokar ba, ba su kama kowa ba. Haka aka yi a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, a kan zanen ɓatanci da aka yi a birnin Paris.

Ni ɗalibin zaure ne. Na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, amma ba a karantar da ni yadda Nasara ke kallon sarauta ba. Bayan waccan gobara na ji kunyar jahilcina, na riƙa zama da wani dattijo Kirista, tsohon malamin makaranta a Tasawa. Ga abin da na fahimta.

Babban malaminsu a wannan babi ɗan Afirka ne, Agustin, wanda ya rayu a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rasu a 430. Da aka ci birnin Rum da yaƙi a 410, mutane suka ruɗe, sai ya rubuta littafi yana bambanta birnin Allah da birnin duniya. Manufarsa ita ce kada mai imani ya ɗauki wata daula tamkar mulkin Ubangiji, ko da sarkinta yana shiga majami'a. Ƙarnoni bayansa, Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya gina bayaninsa na doka da adalci a kan falsafar Aristo, yana karanta sharhin Ibn Rushd na Andalus. Ku duba: malaminsu bai ƙyamaci karanta namu ba.

Shi kuwa tsarin raba addini da hukuma da muka gada daga Faransa, dokar 1905 ce tushensa, kuma don rage ƙarfin majami'ar Katolika aka yi ta. Fafaroma na lokacin ya yi Allah wadai da ita. Saboda haka, ɗana, Kirista daban, gwamnatin Faransa daban, hukumar Yamai daban. Wanda ya cakuɗa ukun nan zai huce haushinsa a kan wanda bai ci masa ba.

Ban ce aƙidarmu ɗaya ba. Mun saɓa da su a kan Annabi Isa, alaihis salam, kuma Musulunci bai yarda a kore shari'ar Allah daga al'amuran jama'a ba. Amma ku tuna inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tura sahabbansa da azabar Makka ta tsananta: Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda adalcinsa. Ku koma Suratul Hajji aya ta 40, ku ga an ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da ake karewa daga rushewa. Ku karanta Suratul Mumtahana aya ta 8 a kan kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Wajibinmu uku ne. Idan hukuma ta yi abin da muke ganin ya taɓa addini, mu gaya mata ita, da hujja, ta bakin malamai. Idan saƙon tunzurawa ya shigo wayarka, kada ka tura shi gaba sai ka tambayi masani. Idan tarzoma ta tashi, ka tsaya a ƙofar maƙwabcinka Kirista, ko malamin asibiti ne ko baƙon ɗan kasuwa, domin amana ce a wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da Nijar lafiya. Wassalamu alaikum.